Jakar Mai Nutso: Daga Sikelin Filin Jirgi Zuwa Bayan Raƙumi

A arewacin garin Dahab, a gaɓar Bahar Maliya ta ɓangaren Masar, akwai inda hanyar mota take ƙarewa. Mai son kaiwa Ras Abu Galum don ya nutsa ya kalli murjani, daga nan sai dai ƙafa, ko kwalekwale, ko raƙumi. Larabawan ƙauyen wurin su ke yin lodi: tukwanen iska a rataye dama da hagu, jakunkuna a ɗaure daga sama. A nan ne baƙon da ya zo da ƙaton akwati mai taya yake gane kurensa. Tayar da ta yi masa rana a kan sumul ɗin filin jirgi ba ta da aikin yi a kan duwatsu, akwatin kuma ya ƙi zama a gadon bayan raƙumi. Mai jakar yadi mai laushi kuwa tuni an ɗaure masa tasa, an yi gaba.

Tun 1943, lokacin da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka haɗa na'urar da ke ba mutum damar numfashi a ƙarƙashin ruwa ba tare da tiyo ya haɗa shi da sama ba, mai nutso ya zama mutum mai kaya. Akwai na'urar shaƙar iska da tiyoyinta. Akwai falmaran da ake hura wa iska don mutum ya daidaita tsakanin nitsewa da tasowa. Ga rigar roba mai kama jiki, ga gilashin fuska, ga takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, ga kuma 'yar kwamfutar da ake ɗaurawa a hannu tana lissafin zurfi da lokaci. In an tara su, ba wuya su haura kilo 10, tun ba a sa ko wando ɗaya na sawa ba.

Duk alhajin da ya taɓa tsayawa a layin awo a Jidda, yana kallon sikeli gabansa na faɗuwa, ya san inda maganar ta dosa. Kamfanonin jiragen sama da yawa kilo 23 suke ba fasinjan ƙaramin kujera a jaka guda, jakar hannu kuma wajen kilo 7. Tsawo da faɗi da kaurin jakar, in an haɗa, galibi ba a so su wuce santimita 158. To, babbar jakar nutso mai taya da sandar ja, ita kaɗai ba komai a cikinta, tana iya cin kilo 4 ko 5. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka ba mutum ke nan ya tafi a kan mazubi. Jakar yadi marar taya kuwa da ƙyar take wuce kilo ɗaya da rabi, sai dai kafaɗa ce za ta biya bashin. A tsibiran Maldibs abin ya fi tsanani: ƙananan jiragen da ke sauka a kan ruwa kilo 20 suke yarda da shi, da 5 na hannu, abin da ya ɗaru kuma kuɗi ne.

Shi ya sa tsofaffin hannu ba sa fara tambayar wace jaka ce ta fi kyau. Sukan fara da tambayar ina za a je, kuma a kan me. Mai sauka a otal a Hurgada ko Sharm el-Shek, inda mota za ta ɗauke shi daga ƙofa zuwa ƙofa, taya ta dace da shi. Wanda zai kwana mako guda a cikin jirgin ruwa, kamar masu tashi a da daga Port Sudan zuwa Sha'ab Rumi, inda Cousteau ya kafa gidansa na ƙarƙashin teku a 1963, ko zuwa gawar jirgin Umbria da ya nitse a 1940, jakar da ke naɗewa ce tasa. Ɗakin kwanan jirgin ruwa ɗan ƙuƙut ne, akwatin da ba ya lanƙwasuwa sai ya zama abin tuntuɓe har a dawo.

Abu biyu ba a wahalar da kai a kansu: tukunyar iska da dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu. Tukunyar alminiyon da aka fi amfani da ita, mai cin lita 11, tana kai kilo 14 ba iska a ciki. In an cika ta, matsin da ke cikinta ya kusa ninka na tayar mota sau ɗari, don haka ba jirgin fasinjan da zai karɓe ta a cike. A Amurka ma sai an kwance bakinta jami'i ya leƙa ciki. Kowace cibiyar nutso tana ba da hayarsu.

Sai abin da masu saye suka fi mantawa da shi, alhali shi ne yake fara mutuwa: zif. Ruwan teku in ya bushe yakan bar gishiri a tsakanin haƙoran zif, gishirin ya ci ƙarfe, wata rana a ja a ji ya ƙame kamar an yi masa walda. Zif ɗin roba mai manyan haƙora shi ne abin nema, kuma ko shi yana son a riƙa ɗauraye shi da ruwan daɗi. Bayan zif sai a duba ɗinkin hannayen jakar, a ga ko madaurin ya zagaye ta ta ƙasa ko an liƙa shi ne kawai daga sama. Sai a gwada tsawon takalman nutso. Na yau da kullum sukan kai santimita 60, na masu nutso da riƙe numfashi kuwa har 90, kuma in aka tanƙwara su na kwana biyu ba lalle su miƙe ba. Masu dabara sukan jera su a gefe da gefe su zama bango, su shimfiɗa falmaran a ƙasa, su rufe da rigar roba.

Jakar da aka rubuta sunan kamfanin kayan nutso ɓaro-ɓaro a jikinta, ita ma a yi hattara da ita. Talla take yi wa ɓarawo cewa akwai abin kuɗi a ciki. Ba a ce a zuba kayan a Gana-mas-go ba, amma jakar da ba ta ɗaukar ido ta fi kwanciyar rai.

Gaskiyar magana, jaka ɗaya ba ta isa. Ta jirgin sama daban, ta bakin ruwa daban. Ta biyun jakar raga ce, wadda ruwa ke tsiyayewa ta jikinta, iska na ratsa ta. Ana iya tsoma ta dungurungum a kwamin ɗauraya da kayan a ciki, in an gama a naɗe ta ta koma kamar tawul. Rigar robar da aka kulle da danshi a jakar da ba ta numfashi, kwana ɗaya ya isa ta fara wari, kuma jiƙaƙƙen kaya ya fi busasshe nauyi a kan sikeli. A nan an ci sa'a: ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso, tana ba da shawarar a jira aƙalla awa 12 kafin hawa jirgin sama bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa, don iskar naitirojin da ta taru a jiki ta fita. Wannan jiran shi ne lokacin shanya.

Akwai kuma abin da bai kamata ya bar hannun mai shi ba. Na'urar shaƙar iska, da kwamfutar hannu, da gilashin fuska, musamman wanda aka yi daidai da ƙarfin idon mutum, jakar hannu ce wurinsu, don in babbar jaka ta yi ɓatan kai, falmaran da takalma ana samun na haya a ko'ina. Batiran litiyom na ajiya dole ne su shiga ciki tare da fasinja, doka ba ta yarda a jefa su cikin kayan ƙasa ba. Wuƙar nutso kuwa akasin haka ce: wanda ya manta ta a jakar hannu, a wurin bincike zai bar ta.