Sanda Ɗaya Ko Tagwaye: Wacce Ta Fi Riƙe Kan Babur Ɗin Ƙanƙara?

A lardin Kebek na ƙasar Kanada akwai hanyoyin babur ɗin ƙanƙara da tsawonsu ya kai kilomita 33,000, waɗanda ƙungiyoyin mahaya ke bi da manyan injuna suna daddaɓewa duk tsawon hunturu. A wannan lardi ne, a garin Valcourt, kamfanin Joseph-Armand Bombardier ya fara fitar da Ski-Doo a 1959. Babur ne marar taya. A bayansa akwai faffaɗan bel na roba da inji ke juyawa, shi ke tura shi gaba. A gabansa kuma alluna biyu ne na zamiya, su ke karkata shi dama ko hagu. Sai dai allo shi kaɗai ba ya kama daskararriyar hanya. Mai kamawar ita ce sandar ƙarfe da ake ɗaurewa a ƙasan kowane allo, wadda aka dasa wa haƙora na tangistin kabayid, sinadarin nan mai tsananin tauri da ake sa wa bakin ƙarfen huda kankare. A kan wannan sanda ne mahaya suka rabu gida biyu: masu sa guda ɗaya a kowane allo, da masu sa tagwaye.

Cuta biyu ce ke damun gaban wannan babur, kuma sai an san su za a gane abin da ake jayayya a kai. Ta farko fizga. Hanyar da babura suka yi ta bi tun safe takan cika da siraran tsagogi da sandunansu suka yanka. Sandar mai zuwa daga baya sai ta faɗa wannan tsagi, ta fita ta faɗa wancan, kan babur ya yi ta wandara ba da son mahayi ba, kamar yadda tayar babur ke bin sawun mota a hanyar da laka ta bushe. Ta biyu zarcewa. Mahayi ya murɗa kan babur a kwana, alluna sun juya, amma babur ya ƙi bi, ya miƙe ya nufi itatuwan bakin hanya. Wahalar zaɓin ita ce, maganin ɗaya yakan tsananta ɗayar.

A miƙaƙƙiyar hanya tagwaye ne da gaba. Sanda ɗaya siririya ce, faɗinta kusan daidai yake da tsagin da waɗanda suka riga wucewa suka bari, don haka kowane tsagi gidanta ne. Tagwaye kuwa layi biyu suke ja a ƙasan kowane allo, kuma da wuya su dace da tsagi guda a lokaci ɗaya. In wannan ta so faɗawa, waccan tana kan tudu tana riƙe da ita. Wannan ita ce hikimar da ke bayan Dooly na kamfanin Woody's da Deuce Bar na kamfanin Stud Boy, dukansu a jihar Mishigan ta Amurka. Mai sanda ɗaya yana tafiya yana gyara kai kowane lokaci, mai tagwaye kuwa yana iya sassauta riƙo ya ɗaga ido ya dubi nesa.

Da an zo kwana sai ma'auni ya rinjaya ɗaya ɓangaren. Nauyin da ke kan allo ƙayyadadde ne. In ya taru a baki guda, haƙori yakan nutse cikin ƙanƙara sosai, ya kafa, babur ya juya inda aka ce ya juya. In aka raba shi ga baki biyu, kowanne rabin danni yake samu, cizon kuma ya ragu. A dusar ƙanƙara mai laushi, wadda rana ko yawan zirga-zirga ta mayar gari, abin yakan ƙaru, domin dusar takan cushe tsakanin sandunan biyu, ƙasan allon ya koma kamar shafaffe. Ke nan natsuwar da tagwaye suka bayar a miƙe, a kwana ake biyan kuɗinta. Fizgar da sanda ɗaya ta jawo a miƙe kuwa, a kwana take rama wa mai ita.

Batun gajiya yana da fuska biyu. Sanda ɗaya mai dogon haƙori tana sa kan babur nauyi, wanda ya yini yana murɗa shi zai ji a kafaɗunsa da dare. Tagwaye sukan sauƙaƙa wannan, tun da ba su nutse da zurfi ba, kuma sun ɗauke wa hannu aikin kokawa da fizga. Amma wanda ke hawa a hanyar daji mai yawan lanƙwasa, in babur ɗinsa na zarcewa, dole ya riƙa rage gudu kafin kowace kwana yana jefa jikinsa ciki, wannan ma gajiya ce, ta baya da cinya.

Ta fuskar kuɗi da ƙarko ma kowacce na da hujjarta. Tagwaye sun fi tsada a saye, tun da ƙarfe da haƙora sun ninku, sun fi nauyi, kuma sun fi jan ƙasa. Sukan maƙale tsakuwa a tsakaninsu, su kuma ƙara karce daɓen gareji da na tirela. Amma da yake baki biyu ne ke raba gogayya a duk lokacin da aka tsallaka kwalta ko aka shiga gidan mai, sukan jima kafin su dakushe. Sanda ɗaya ta fi araha da sauƙin canzawa, tana kuma ba da zaɓi mai faɗi: haƙori mai tsawon inci 4, 6, 8 ko 10, mai kusurwar digiri 60 da ke yankan ƙanƙara da kyau amma ya mutu da wuri, ko mai digiri 90 da bai kai shi kaifi ba amma ya fi shi daɗewa. Akwai kuma irin Shaper ta Stud Boy, wadda jikinta ba zagayayye ba ne, an fafe gefunanta don ita kanta sandar ta riƙa kama dusa.

Ba a yanke hukunci a kan gaba sai an dubi baya. Mahaya da yawa sukan dasa ƙusoshi a bel, sau da yawa 96 ko 144, don ya kama ƙanƙara. Gwargwadon yadda baya ke kamawa, gwargwadon yadda yake tura babur ya miƙe, sai gaba ya buƙaci ƙarin cizo don ya rinjaye shi. Babur mai ƙusoshi 144 da dogon bel, in aka sa masa tagwaye masu gajeren haƙori, zarcewa ce za ta biyo baya. Babur marar ƙusa ko ɗaya, in aka sa masa sanda ɗaya mai inci 8, gaba zai kafe baya ya zame, ko allon ciki ya ɗaga sama a tsakiyar kwana. A hali na farko sanda ɗaya ta fi dacewa, a na biyu kuwa tagwaye ko gajeren haƙori sun fi aminci.

Akwai kuma gyaran da ya riga su duka, wanda ba ya cin ko kwabo. Ya kamata bakin allunan biyu ya ɗan buɗe waje, tazarar gaba ta fi ta baya da kamar milimita 3. In bakin ya tsuke ciki, allunan za su riƙa faɗa da juna, fizga ta zo ko da wace sanda aka sa. Haka nan in gaban sanda ya fi bayanta danna ƙasa, zai riƙa farautar tsagi; shi ya sa ake cusa ɗan siririn abu a ƙarƙashin bayan robar da ke tsakanin allo da ƙafarsa, don danni ya koma baya, dabarar da kamfanin Bergstrom Skegs na jihar Ilinoi ya daɗe yana yaɗawa. Sannan ana iya ƙara wa gaba nauyi ta hanyar gajarta maɗaurin da ke gaban bel, ko a rage masa ta hanyar ɗaure sifirin ɗin shokazobar tsakiya. Mahaɗan sitiyari da suka ci suka yi sako-sako ma suna kawo wandara, kuma babu haƙorin da ke maganinsu.

Kamfanoni sun nemi hanyar tsakiya. Snowtracker, wanda ake yi a Kebek, yana da fukafukan ƙarfe a gefen sanda da ke hana ta bin tsohon tsagi. Ski-Doo kuma ya yi allon Pilot TS mai maɓalli, wanda mahayi ke murɗawa ya sauko da haƙori ko ya ɗaga shi gwargwadon halin hanya. Wanzuwar waɗannan dabaru shaida ce cewa babu ɗaya daga cikin biyun da ta isar da kowa.

To wacce za a ɗauka? Mai doguwar tafiya a faffaɗar hanya mai tauri da cunkoso, wanda burinsa ya isa masauki da sauran ƙarfi, tagwaye sun fi masa, kuma kuɗin da ya ƙara bai tafi a banza ba. Mai hawa a ƙanƙarar tafki ko ƙuntatacciyar hanyar daji, mai ƙusoshi a bel, sanda ɗaya ce tasa. Wanda kuma ke tsakani, ina ganin ya fara da sanda ɗaya mai inci 6, ya daidaita bakin alluna da danninsu, ya gwada. Dalili shi ne fizga tana da magunguna da yawa masu arha, cizon kwana kuwa in an sayar da shi yana da wuyar dawowa, ga shi hanyoyin nan ana zuwa ana dawowa a kansu, mai zarcewa a kwana yana iya shiga hannun wani. In an yi duk wannan gyara kan babur bai daina wandara ba, a lokacin ne tagwaye suka cancanci kuɗinsu.