Wa Zai Biya Mai Tsaron Asusu?

A ƙasar Makoɗa, in kaka ta yi, manomi yakan ware buhun gyaɗa ko na wake, ko ya ɗaure tunkiya, domin kuɗin karatun ɗansa. Ɗan kasuwa kuwa adashi yake zubawa kullum. Al'adar wannan adashi sananniya ce: mai karɓa yana ɗaukar zubin kwana ɗaya a wata, watau kashi ɗaya cikin talatin, ladan yawonsa da rubutunsa. Ba a jayayya a kai, domin an faɗa tun farko, kuma sau ɗaya ake cirewa daga kowane zubi.

To, wannan mas'ala ta ladan mai tsaro ita ce ke gaban hukumomin da suka buɗe wa talakawansu asusun tanadin ilmi. A Amurka, a 1996, majalisar ƙasar ta sa wani sashe cikin dokar haraji, mai lamba 529, wanda a ƙarƙashinsa jihohi ke riƙe irin wannan asusu. Uba yana zuba wa yaro tun yana goye, ana juya kuɗin a kasuwa, in lokacin karatu ya zo a fitar ba haraji a kan ribar. Amma akwai akawu da mai binciken lissafi da kamfanin da ke juya dukiyar, kowa da albashinsa. Galibi daga cikin ajiyar ake biyansu, kowace shekara, gwargwadon abin da ya taru.

A nan bambancin yake, sai 'yan kasuwa su auna. Idan ana cire 1 cikin 100 duk shekara, ajiyar da ta yi shekara 18 za ta rasa kusan 17 cikin 100 na abin da ya kamata ta kai. Idan kwata ake cirewa maimakon ɗaya, hasarar ba ta kai 5 ba. Ɗigon da ba a gani shi ke ƙarar da randa.

Malamai ba baƙon zance ba ne a wurinsu. Ma'aikatan zakka suna cikin takwas ɗin da aka ambata a Suratut Tauba, kuma a mazhabar Malikiyya ana ba ma'aikaci lada gwargwadon aikinsa, ko da mawadaci ne. Watau aiki ba ya zama kyauta, amma aikin ne ma'auni, ba yawan dukiyar ba.

Saboda haka duk wanda aka kawo wa takardar asusun ilmi, ta gwamnati ce ko ta banki ko ta ƙungiyar gari, ya yi tambaya uku kafin ya sa hannu. Nawa ake cirewa? Sau ɗaya ne ko duk shekara? Wa ke duba littafin akawu? Wanda ya kasa amsa su a gaban shaidu, kada a ba shi kuɗin gyaɗar marayu da talakawa.