Ƙaramar Kwamfuta da Sauti: Wuta Ce Ke Gyarawa, Ita Ce Ke Ɓatawa

Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar nan da aka fara sayarwa a Ingila a 2012, ba ta da mashigar makirufo. Samfurin Pi 5 da ya fito a 2023 ma ko ramin iyafis bai zo da shi ba. Saboda haka duk mai son ta ɗauki murya ko ta fitar da sauti mai kyau, sai ya haɗa mata wani ɗan allo, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ta USB.

Zuciyar wannan allo aisi ce guda ɗaya, wato 'yar ƙaramar na'urar lantarki, kamar PCM2902 ta kamfanin Texas Instruments ko CM108 ta C-Media. Aikinta biyu ne: ta mai da murya lambobi, ta kuma mai da lambobi sauti. PCM2902 na iya auna sauti sau 48,000 a daƙiƙa. Da yake tana bin ƙa'idar sauti ta USB da aka kafa a 1998, da an jona ta Linux ɗin da ke tafiyar da kwamfutar zai gane ta, ba sai an rubuta wata manhaja ba. Abin da take buƙata bai taka kara ya karya ba: kiristal mai megahaz 12, rezista mai om 22 a kan kowace wayar saƙo ta USB, da wata mai om 1,500 a kan wayar saƙon da ake kira D+, wadda ke sanar da kwamfuta cewa an jona na'ura. Wayoyin saƙon biyu a ja su kafaɗa da kafaɗa, gajeru, tsawonsu ɗaya.

Inda gizo ke saƙa shi ne wuta. Bolt 5 da ke zuwa ta USB ba tsabtatacciya ba ce, domin firosesa da Wi-Fi da caja duk suna zuba mata hayaniya. Ƙari a kan haka, USB na aika saƙo kashi-kashi, sau 1,000 a daƙiƙa, kuma kowane kashi yana fizgar wuta. Wannan fizga ce ke komawa siririn fito da ake ji a lasifika ko ba a kunna komai ba. Makirufo ya fi shan wahala, tunda siginarsa 'yar mitsitsiya ce, sai an ƙara mata ƙarfi, kuma duk dattin da ya shiga tare da ita ake haɓaka shi.

Maganin matakai ne. A sa ɗan ferayit mai tace hayaniya a bakin shigowar wuta, sannan regileta mai ƙarancin hayaniya ta ciyar da ɓangaren sauti shi kaɗai. A manna ƙananan kafasito daf da ƙafafun aisi, domin idan suka yi nisa amfaninsu ya ragu. Kada a cika babban kafasito a mashiga: ƙa'idar USB ta tsaya a maikurofarad 10, idan aka zarce, na'urar na iya fizgar wuta lokacin jonawa har kwamfutar ta sake tashi. Shimfiɗar tagulla ta layin ƙasa a bar ta ɗaya ba yanka, a ajiye kiristal da wayoyin USB a gefe guda, makirufo a ɗaya gefen.

Ɗalibi ko mai gyara da zai gwada wannan aiki, ya fara da karanta takardar bayanin aisin, ya zana allon a manhajar KiCad, wadda kyauta ce. Idan ya gama, ya yi rikodin ɗaki shiru ya saurara da iyafis kafin ya ce aiki ya yi.