Yadda Ake Renon Cediya a Cikin Kasko

Duk wanda ya zaga Achilafiya, ko ya bi hanyar Kazaure zuwa Roni da Gwiwa, zai ga cediya da durumi a ƙofar gidaje da bakin masallatai. Amma ba kowa ya san ana iya renon cediya a cikin kasko ba, ta yi shekaru masu yawa tsayinta bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba. Mutanen Japan suna kiran wannan sana'a bonsai, wato shuka a faranti. Daga ƙasar Sin suka koyo ta. A Omiya, kusa da birnin Tokyo, akwai unguwar masu wannan sana'a da aka kafa tun 1925.

Halin cediya

Cediya da gamji dangin ɓaure ne. Tsuntsaye da jemagu suna cin 'ya'yansu, su kasayar da irin a kan giginya ko dabino, ko a tsagar katanga. Sai ya tsiro a can sama, ya sako saiwoyi zuwa ƙasa. A hankali saiwoyin su yi kauri, su naɗe itacen da suka hau, ganyen kuma ya tare masa rana har ya mutu. Ba ɗaya suke da kauci ba. Kauci tsotson ruwan itace yake yi, su kuwa shaƙewa suke yi. Itacen da ya saba rayuwa a ƙunci haka, kasko ba zai gagare shi ba.

Inda za a samo

Hanya ta farko ita ce yankan reshe, kamar yadda iyayenmu suke dasa cediya. A nemi izinin mai itace, a yanki reshe mai kaurin babban yatsa, tsawon taki ɗaya. A ajiye shi a inuwa kwana ɗaya, farin ruwansa ya tsane, sannan a dasa. Farkon damina ya fi dacewa.

Hanya ta biyu ita ce ciro ƙananan da suka tsiro a jikin katanga, bakin rijiya ko wuyan giginya. Wannan riba biyu ce, domin idan aka bar su za su tsaga gini, su kashe giginya. A ciro su a hankali tare da saiwarsu. Kada a sare babban itace, kada a tono na daji. Yankinmu yana bakin hamada, kowace inuwa tana da amfani, ga shi kuma ganyen cediya abincin awaki ne da rani.

Yadda ake reno

A sami kasko mai faɗi, a huda gindinsa, a rufe hudar da tsingaro don ruwa ya riƙa fita. A haɗa yashi da ƙasar gona da ruɓaɓɓen taki. A ajiye a inuwa har sabon ganye ya fito, sannan a mayar wurin da hantsi yake samunsa. A ba da ruwa idan saman ƙasar ya bushe. Da bazara sai an duba safe da yamma. Da hunturu a kare shi daga iska. A ɗora kaskon inda akuya ba za ta kai ba.

Idan reshe ya yi ganye shida ko takwas, a datse a bar biyu ko uku. Yawan datsewa yana sa rassa su yawaita, ganye ya ƙanƙance. Ana lanƙwasa reshe da waya mai laushi, amma a cire ta kafin ta nutse a ɓawo. Bayan shekara ɗaya ko biyu, a fito da itacen da farkon damina, a rage kashi ɗaya cikin uku na saiwarsa, a sake masa ƙasa. A kiyaye farin ruwan kada ya shiga ido.

Jama'a, wannan aiki ba ya bukatar gona ko kuɗi, haƙuri kawai yake so. Ɗaliban yaƙi da jahilci suna iya rubuta ranar dashe da ranar datsewa a littafinsu, su ga yadda itacen yake sauyawa. Wanda ya ga kaskon ya yi masa kaɗan, sai ya mayar da cediyarsa fili, nesa da gini da rijiya, jikoki su sha inuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka.