Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Masu Ƙera Wasannin Bidiyo Da Koken 'Yan Wasa

Duk wanda ya taɓa zama a gindin bishiya a Kwaya, ko a Magariya ko Dungas, lokacin da manya ke buga dara bayan la'asar, ya san 'yan kallo sun fi masu wasan surutu. Mutum biyu ne ke da ramuka talatin a gabansu, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, amma bakuna goma ne ke ba da shawara. Wannan ya ce a tare nan, wancan ya ce a ci can. Gwanin dara yana jin su duka, wani lokaci ya ɗauki maganar ɗaya, sau da yawa ya yi shiru ya bi lissafinsa.

Can gefe kuma samari ne sun haɗa kai a kan waya, suna buga ƙwallon eFootball ko harbe-harben Free Fire da PUBG. Su ma ba sa rasa ƙorafi. Wasan ya yi wa wayar nauyi, sabuntawa ta cinye data, sadarwa ta yanke ana tsakiyar fafatawa, wanda ya zuba kuɗi ya fi wanda ya ƙware. Bambancin kawai shi ne, wanda ya tsara dokar wannan wasa yana Tokyo ko Singafo, ba ya gindin bishiyar. To, shin wajibi ne ya saurare su? Muhawara ce da ta daɗe tana raba kan masu sana'ar da masu saye, kuma ta shafe mu fiye da yadda muke zato.

A da, wasan bidiyo kamar kaset yake. An gama shi an sa a kwali, mai kyau ne ko maras kyau, haka zai zauna har abada. Intanet ta sauya wannan. Yau kamfani na iya yi wa wasa faci bayan ya shiga hannun mutane, kamar yadda mai faci ke liƙe tayar babur, ya rage ƙarfin wata bindiga, ya ƙara saurin wani ɗan ƙwallo, ya cire wani abu gaba ɗaya. Tunda gyara ya zama mai yiwuwa, neman gyara ya zama al'ada. Kamfanonin kuma na da hanyoyi uku na jin halin da ake ciki: gwajin da ake bai wa wasu 'yan wasa kafin fitowa, maganganun mutane a shafukan sada zumunta da shagunan saukar da wasanni, sai kuma bayanan da wasan da kansa ke aika musu, na inda mutane ke faɗuwa, da inda suke gajiya su ajiye.

Akwai lokutan da ƙin saurare ya zama ganganci, kuma masu son ƙwallo sun ga ɗaya da idonsu. Shekara da shekaru PES na kamfanin Konami na Japan ke cika gidajen gem daga Kano har Damagaram. Ranar 30 ga Satumba 2021 kamfanin ya fito da magajinsa, eFootball 2022, kyauta. Fuskokin Messi da Ronaldo suka fito a karkace, 'yan wasa na gudu hannuwa a baya, 'yan kallon filin kamar an zana su a kwali. Cikin 'yan kwanaki ya shiga sahun wasannin da suka fi shan suka a tarihin shagon Steam. Konami ya nemi afuwa, ya shafe watanni yana gyara, sai a Afrilun 2022 ya fitar da babbar sabuntawar da ta daidaita wasan. Wanda matasanmu ke bugawa a waya yau, albarkacin wancan koke ne.

Kafin nan, a 2013, Microsoft ya sanar cewa sabuwar na'urarsa Xbox One sai ta haɗu da intanet sau ɗaya a kowace sa'a 24, in ba haka ba wasanni su kulle, sannan ya sa takunkumi a kan aro da sayar da faifan da aka riga aka yi amfani da shi. Jama'a suka yi caa, kuma a watan Yunin wannan shekara kamfanin ya janye duka biyun. Mai karatu ya auna abin da dokar za ta yi wa mai gidan gem a garin da wuta ke zuwa ta tafi, sadarwa kuma sai an hau tudu. Waɗanda suka yi ƙarar a Amurka da Turai ba su san da mu ba, amma sun kare mu.

Misali na uku ya fi nauyi, domin ya taɓa tarbiyya. A Nuwamban 2017 kamfanin EA ya fito da Star Wars Battlefront II da tsarin akwatunan sa'a: ka biya kuɗi, a buɗe maka akwati, ba ka san abin da ke ciki ba. 'Yan wasa suka lissafa cewa wanda bai biya ba zai yi kusan sa'a 40 yana wasa kafin ya samu jarumi guda. Fushin ya kai kamfanin ya dakatar da sayayyar ana gobe wasan zai fito. Maganar ba ta tsaya nan ba. A Afrilun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna a wasu wasanni, har da FIFA 18, caca ce, kuma a farkon 2019 EA ya daina sayar da makin FIFA a ƙasar. Ga iyayen da addininsu ya haramta caca, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. 'Yan wasa ne suka fara ganin ɓarnar, hukuma ta biyo baya.

Da a ce labarin ya ƙare a nan, da amsar ta yi sauƙi. Sai dai akwai ɗaya ɓarin. A 2001, da Nintendo ya nuna hotunan farko na The Wind Waker, masoya jerin wasannin Zelda suka yi tir da zanensa, suka ce na yara ne. Kamfanin bai sauya ba, ya fitar da shi a Japan a 2002, kuma yau wannan zane da aka raina shi ake yabo, don bai tsufa ba kamar na tsararrakinsa. Haka Hidetaka Miyazaki na kamfanin FromSoftware ya sha kiraye-kirayen ya sa zaɓin sauƙi a wasanninsa masu tsananin wuya. Ya tsaya a kan cewa daɗin yana cikin shan wuyar da cin nasara bayanta. Wasansa Elden Ring, wanda ya fito a Fabrairun 2022, ya sayar da kwafi miliyan 20 cikin shekara guda. Da an bi ra'ayin masu neman sauƙi, da an cire wa miyar gishirinta.

Wani lokaci ma matsin lambar kan koma zalunci. A Oktoban 2020, da kamfanin CD Projekt na Folan ya ɗage fitowar Cyberpunk 2077 da mako uku, wasu suka aika wa ma'aikatansa barazanar kisa. Wasan ya fito ranar 10 ga Disamba cike da kurakurai, har Sony ya cire shi daga shagonsa na tsawon wata shida. Laifin sakin ɗanyen aiki na shugabannin kamfanin ne, babu tantama. Amma wanda ya zagi mai dafa abinci don bai sauke tukunya da wuri ba, ba shi da bakin kukan an ba shi ɗanye.

Mu ma mun san wannan ja-in-ja a gida. Tun bayan fim ɗin Sangaya, rawa da waƙa suka mamaye finafinan Kannywood, kuma duk lokacin da malamai ko iyaye suka yi magana, amsar masu shiryawa ita ce abin da kasuwa ke so ke nan. Gaskiya ne kasuwa ta so, amma shekaru suka zo aka ga jama'a sun rungumi shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa na tashar Arewa24 da Labarina na Aminu Saira, inda labari ne jagora. Ɗan kallo yakan nemi ƙarin abin da ya saba. Abin da bai taɓa gani ba, sai mai basira ya kawo masa kafin ya san yana so.

To ina mafita? Hausawa sun riga sun faɗe ta: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ɗan wasa ya ce wani wuri ya gundure shi, ko an cuce shi, ko wasan ba ya tafiya a wayarsa, da wuya a same shi da ƙarya, domin shi ke kwana a ɗakin. Amma sanin inda ruwa ke zuba daban, sanin yadda za a yi yaɓe daban. Mai ɗaki na iya cewa a toshe nan, alhali tsagewar tana can kusa da indararo, kuma magini ne zai gane. Ɗan wasan da aka kashe sau goma da bindiga ɗaya zai ce a cire ta. Mai ƙera wasan, da ya duba bayanan dubban fafatawa, zai iya gano cewa matsalar filin ce da babu wurin ɓuya. Ya karɓi ciwon da aka faɗa masa da muhimmanci, maganin kuma ya haɗa da iliminsa.

Akwai ma waɗanda suka mayar da shawarar doka. Kamfanin Jagex na Ingila ya dawo da tsohon salon wasansa, Old School RuneScape, a 2013 bayan 'yan wasa sun kaɗa ƙuri'a, ya kuma kafa ƙa'idar cewa sabon abu ba ya shiga sai kashi 75 cikin ɗari sun amince, daga baya aka rage zuwa 70. Ma'aikatan ne ke tsara abin da za a kawo, jama'a su karɓa ko su mayar. Wasan yana nan da ransa bayan fiye da shekara goma. Shawara ɗaukar ɗaki ce, amma ko a ɗaukar ɗaki akwai mai cewa a ɗaga, a juya, a sauke.

Saura tambayar da ta fi damuna, wadda ba a cika yi ba: muryar wa ake ji? Masu rubuta koke da Turanci, masu intanet mai ƙarfi da kwamfuta mai tsada, su ne a bakin ƙofa. Saurayin Kwaya da ke kai wayarsa caji wurin mai sola, yana ƙirga kowace megabait, ba ya rubuta wa kowa wasiƙa. In wasa ya fi ƙarfin wayarsa, gogewa yake yi ya wuce. Wannan shirun ma magana ce, kuma wanda ya iya jin ta ya ci riba. Kamfanin Garena na Singafo ya fito da Free Fire a 2017 da mutum 50 a fili maimakon 100, fafatawa ta kusan minti goma, hotuna marasa nauyi da ƙaramar waya za ta ɗauka. A 2019 ya zama wasan waya da aka fi saukewa a duniya. Masu PUBG su ma suka fitar da ƙaramin samfurinsu a wannan shekara.

Abin da ya faru da Helldivers 2 a Mayun 2024 ya nuna ɗaya fuskar. Sony ya ce dole masu buga shi a kwamfuta su buɗe asusun PlayStation, alhali a ƙasashe da yawa, har da namu na Afirka ta Yamma, ba a buɗe wannan hidima a hukumance ba. Aka cire wasan daga kasuwar ƙasashe da yankuna sama da 170. Dubban ɗaruruwan mutane suka yi ruwan suka, cikin kwanaki kaɗan Sony ya janye sharaɗin. Masu babbar murya suka samu biyan buƙata suka watse, amma ƙasashen da aka cire sun daɗe ba a mayar da su ba. Wanda ba ya wurin rabo, ba a cika tunawa da kasonsa ba.

Harshe ma haka. EA ya sa sharhin Larabci a FIFA 12 a 2011, da muryar Issam Chaouali ɗan Tunisiya, saboda ya ga kasuwar Larabawa ta isa a kula da ita. Hausa na da masu magana miliyoyi masu yawa, da gwanayen sharhin ƙwallo da na kokawa a gidajen rediyo, amma manyan wasannin da 'ya'yanmu ke bugawa ba sa jin ta. Wannan giɓi dama ce ga 'yan gida. Kamfanin Maliyo na Legas ya fara ƙera wasanni tun 2012, Kiro'o na Kamaru ya fitar da Aurion a 2016, a Yamai ma an ƙera Les Héros du Sahel da jaruminsa Shamsu. Matashin da zai ƙera wasan dara, ko langa, ko kokawar neman takobi da Nijar ke yi tun 1975, yana da abin da Tokyo ba ta da shi: masu buga wasansa suna zaune da shi a majalisa ɗaya.

Hukuncina shi ne, masu ƙera wasanni su saurara, kuma su saurara da gaske a kan abu uku: inda wasa ya lalace, inda aka zalunci aljihun mutane, da inda aka rufe wa wasu ƙofa. A kan ruhin aikin kuwa, wato labarinsa da zanensa da wuyarsa, su ji shawara sannan su yanke da kansu, su kuma fito su bayyana dalili.

Mu kuma 'yan wasa, mu koyi yin koke mai amfani. Ka faɗi irin wayarka, da layin da kake amfani da shi, da daidai inda matsalar ta faru, a shagon da ka sauke wasan, da Faransanci ko Turanci ko ma Hausa, ba tare da zagi ba. Iyaye su riƙa duba inda kuɗin 'ya'yansu ke tafiya a cikin waɗannan wasanni. Matasanmu masu ilimin kwamfuta kuma, daga Damagaram zuwa Maraɗi da Kano, su fara ƙera namu, su kai shi gindin bishiya a gwada, su ji abin da mutane za su ce. Ɗakin namu ne, mu muka san inda yake yoyo, kuma lokaci ya yi da za mu samu magina daga cikinmu.