Daga Faifan Garmaho Zuwa Memori: Ina Muryar Shata Take Ɓacewa?

A rumfunan masu cajin waya na Babura, kamar na Kazaure da Roni da Gwiwa, mutum zai miƙa memori a cika masa shi da waƙoƙi kafin ya gama shan shayi. Akwai Mamman Shata, akwai Musa Ɗanƙwairo, akwai Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge. Sai dai dattijon da ya saba jin Shata a kaset yakan yamutsa fuska, ya ce kalangun ba ya fita, muryar ma kamar daga rijiya take tasowa. Kuma yana da gaskiya.

Laifin ba na turawa ba ne. Waƙar da aka tura ta Xender daga waya zuwa waya, ko sau ɗari ta zaga, ba ta raguwa. Ɓarnar tun ranar farko ake yin ta, ranar da wani ya kunna tsohon kaset, wanda shi ma daga wani kaset aka kwafe shi, ya kara waya a bakin lasifika, har da carar zakara da kukan babur. Kaset kuwa duk kwafi sai ya ci wani abu daga sautin. Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta yi suna wajen wannan sana'a ta kwafi, har masani Brian Larkin ya yi bayaninta a littafinsa na 2008, kuma daga irin waɗannan kasuwanni kaset ya riƙa bazuwa zuwa garuruwan kan iyaka, ya tsallaka Magarya da Damagaram.

Shi ya sa kwalin kaset ɗin da ke ƙarƙashin gado ya fi yadda ake zato daraja. Shata ya rasu a 1999, aka yi masa sutura a Daura, maƙwabciyar wannan yanki, kuma yawancin abin da ya rera ba a ɗakin ɗaukar sauti ya yi shi ba, a filin biki ne da ƙofar fada. Nasa ma da sauƙi, gidajen rediyo sun adana da dama. Makaɗan noma da na dambe da zabiyoyin ƙauye fa? Wani muryarsa a kaset ɗaya tak ta rage a duniya.

Aikin juyawar ba ya buƙatar dukiya, haƙuri yake ci. Ana samun rikoda mai lafiya, a goge kanta da auduga, a haɗa ta da kwamfuta ta igiyar sauti, a ɗauka da manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce. Kaset mai minti 90 sai an zauna masa minti 90 cur. Wanda ya daɗe a ajiye, a fara juya zarensa a hankali da biro, don rikoda ba ta jin kunyar taune waƙar da babu irinta.

Faifan garmaho ya fi shagwaɓa. Tsofaffin, masu juyi 78 a minti, da wani irin ƙaro aka yi su, suna faɗuwa suke fashewa, kuma allurarsu ta fi ta faifan roba mai juyi 33 ko 45 kauri. Tsohon garmaho mai allurar ƙarfe yana cin faifai duk lokacin da aka kunna, don haka ba da shi ake juyawa ba. Na roba kuma yana son ƙaramar na'urar ƙara sauti tsakaninsa da kwamfuta, domin da gangan ake rage ƙarfin amon ƙasa lokacin yanka faifan, ita ce ke mayar da shi. In babu ita, ganga sai ta koma gwangwani. Ga zafin bazara da ke lanƙwasa faifan da aka jibge a kwance, ga ƙurar hunturu da ke cika layukansa. A tsaye ake jera shi, cikin rigarsa, nesa da kwanon rufi.

Sai a ajiye kwafi biyu: babba na WAV, mai cin kusan megabait 10 a minti, da ƙarami na MP3 don waya. A rubuta sunan mawaƙi, wanda aka yi wa waƙar, da garin da aka yi ta, tun masu sani suna raye.

Abin mamaki, faifan da aka yi watsi da shi a nan ya farfaɗo a waje. A Amurka, a 2022, an sayar da faifan roba fiye da CD, karo na farko tun 1987. Wani Ba'amurke ma, Christopher Kirkley, waƙoƙin memorin wayoyi ya tattaro a arewacin Mali, ya buga su a faifai a 2011 ƙarƙashin kamfaninsa Sahel Sounds.