Dashen tumatir: a jira ƙasa ta tsane

Duk wanda ya bi ta Kadawa ko Kura a ƙarshen damina zai tarar da irin tumatir ya yi kore shar a wurin reno, masu shi kuwa sai kallon sama suke yi. Iri ya isa dashe, amma ruwan marka na watan Agusta ya bar laka sharkaf har cikin Satumba. Ga kuma kuɗi na kira, domin wanda ya riga kai kwando kasuwar Kwanar Gafan shi ke cin ribar, kafin kaya su cika kasuwa a Janairu da Fabrairu farashi ya faɗi warwas.

Abin da mai gaggawa ke mantawa shi ne saiwa ma numfashi take yi. A cikin ƙasa akwai 'yan ƙofofi da iska ke zama. Idan ruwa ya cike su, saiwar da aka tuge ɗazu, ga rauni a jikinta, ba ta da inda za ta shaƙi iska, ba ta kuma iya jan ruwan. Shi ya sa za ka ga dashe tsaye cikin ruwa amma ya yi yaushi kamar mai jin ƙishirwa. Daga nan sai cutar da ke son laima ta kama gindin, ya yi baƙi, ya sirance, da safe ka same shi kwance. Shiga gonar ma ɓarna ce: lakar da aka tattake tana jiƙe, in ta bushe tauri take yi kamar daɓe.

Gwajin bai buƙatar ko sisi. Ɗebi ƙasa, ka dunƙule a tafin hannu, ka danna da ɗan yatsa. In ta wargaje, bismilla. In ta tsaya kamar curin fura tana ƙyalli, koma gida.

Jiran ma dai yana da iyaka. Irin da ya haura mako shida a reno yakan yi tsawo, ya yi lagwani, wani har ya fara fure, kuma irin wannan da wuya ya cika kwando. Dabarar ita ce a rage masa ban ruwa, a tsinke inda ya cushe, a kuma ɗaga kunya sosai don ruwa ya riƙa zurarewa.

Ranar da ƙasar ta yi, ɗan'uwa, ka bari sai bayan la'asar, rana ta yi sanyi, sannan ka dasa.